Jirgin da Na Bari a Tashar Gudi

Godiya ga Ubangiji da ya bar mini matata da rai. Da wannan na fara, domin abin da zai biyo baya akwai ƙorafi a ciki, kada wani ya karanta ya ce Yohanna ya manta da alherin Allah.

Shugabar zumuntar mata ta ikilisiyarmu ce ta matsa mini in rubuta. Ta ce mata sun riga sun ji daga bakin matata Tabita, saura maza, kuma maza ne masu cewa a bari sai mako mai zuwa. Na tambayi Tabita, ta ce in rubuta, amma kada in gyara komai.

Ni direban jirgin ƙasa ne a Kafanchan, ɗan Fadan Kaje. Da goge kan jirgi na fara a loko, wato ma'ajiyar kawunan jirgi, na zama fayaman mai zuba kwal a wuta, daga baya aka ba ni tuƙi. Mun yi aure da Tabita shekarar da yaƙin basasa ya ƙare. Tela ce, kekenta na barandar ɗakinmu a kwatas ɗin reluwe. A shekarar farko ta samu ciki, ya zube tun yana ƙarami. Zazzaɓi da ciwon mara suka biyo baya, muka sayi ƙwayoyi a kemis, abin ya lafa, muka ce shi ke nan. Daga nan sai shiru. A kwatas kowace mace da sunan ɗanta ake kiranta, Maman wane, Maman wance. Tabita kaɗai ake kira da sunanta na baftisma kamar 'yar makaranta, kuma ita ce ke ɗinka wa jariran kowa riguna.

Shawara kam mun sha ta. Mamata ta zo daga ƙauye da saiwoyi a ƙunshe cikin ganye, Tabita ta sha har gudawa ta kwantar da ita. Wata 'yar'uwarta ta kai ta gidan addu'a a bayan kasuwa, aka sa ta azumi har ta rame. Mai kemis ya yi ta yi mata allura sai da cinyarta ta kumbura. Ni kuwa ba wanda ya taɓa miƙo mini ko ganye ɗaya, kowa ya ɗauka abin na mace ne.

A shekara ta shida wata nas da muke sujada tare ta ja ni gefe bayan an tashi daga coci. Ta ce akwai likitar mata a wani asibiti a Jos, 'yar Indiya, tana ganin masu neman haihuwa ranar Talata kaɗai. Ta ce, "Ku daina yawo da yarinyar nan. Ku je a duba, kai da ita."

Zuwanmu na farko ba mu ga likita ba. Mun tarar da mata cike da benci, daga Pankshin, daga Lafiya, har daga Bauchi, wasu a barandar suka kwana. Muka yanki kati, muka zauna har la'asar, aka ce likita ta tashi. Mako na gaba muka kwana a gidan wani ɗan garinmu, muka yi sammako. Da muka shiga, kafin ma likitar ta dubi Tabita, ni ta fara duba.

"Kai ne mijin? Madalla. Yawancinsu ba sa zuwa. Da kai za mu fara."

Aka ba ni ƙaramar kwalba, aka nuna mini wani ɗaki. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Sakamako ya fito, aka ce ba laifi a wajena. Ita kuwa aka sa mata ranar hoto. Aka zuba mata wani ruwa ta ƙasa ana ɗaukar hoton, ta fito a duƙe, ta ce ciwon ya fi na ɓarin. A jirgin dawowa ba ta iya zama ba, sai ta kwanta a kan kujera ta ɗora kai a cinyata.

Da muka koma, likita ta zana mana a takarda: ga mahaifa, ga bututu biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, ta nan ƙwai ke bi. Ta soke na hagu da biro. Ta ce ya toshe, wataƙila tun zazzaɓin nan da ya biyo bayan ɓari. Na dama a buɗe yake, amma a ƙuntace. Za ta ba da ƙwayoyi da Tabita za ta riƙa sha a farkon kowane watanta.

"Amma ƙwaya ba ta haihuwa ita kaɗai," in ji ta. "Tsakiyar watanta, mako guda, dole kana gida."

Na ce, "Likita, ni direban jirgi ne."

Ta ce, "To ka gaya wa jirgin."

Wanda bai yi aikin dogo ba zai ga kamar abu ne mai sauƙi. Aikinmu bai san Lahadi ba, bai san Kirsimeti ba. Akwai allo a ƙofar ofishin loko, inda ka ga sunanka da alli nan za ka. Tafiyar Makurdi a takarda kwana biyu ce, zuwa da dawowa. A zahiri, in kwal ya yanke, ko dogo ya lalace, ko aka tsayar da kai a wata tashar daji kana jiran hanya, sai ka share kusan mako kana kwana a ɗakin direbobi. Mai rubuta allon shi ne Oga Taiwo, Bayarabe, mutum mai tsare aiki. Na yi kwanaki ina zagaya ƙofarsa kafin na shiga. Na ce ina roƙon a riƙa barina a gari mako ɗaya a wata, saboda matata na karɓar magani.

"Wane irin magani ne sai kana nan?"

Na sunkuyar da kai na gaya masa. Bai yi dariya ba, wannan na shaide shi.

Ya ce, "Yohanna, kowa yana da mata. Ni ma ina da mata. In na ba ka yau, gobe mutum goma za su tsaya a nan. Ka nemo wanda zai karɓa maka. Ni dai jirgi ya tashi."

Sai na tafi wurin Malam Sule, wani dattijon direba, Bazazzagi, wanda na yi wa fayaman shekaru da dama. Na same shi yana alwala a bakin famfon loko, na jira ya idar da salla.

Na ce, "Malam, wata bukata ce ta kawo ni, mai nauyin faɗa."

Ya ce, "To kada ka faɗa. Wane mako ne?"

Haka muka fara. Yakan ɗauki tafiyata a makon likita, ni kuma in rama masa daga baya. Ramuwar ce ta kusa kashe ni. In sauko daga Jos da safe, in ci abinci a tsaye, in hau na Makurdi da rana. Idanuna suka yi ja kamar garwashi. Wata rana a gangaren Kagoro barci ya ɗauke ni da hannuna a kan birki, sai da Audu fayamanina ya buga mini shebur a ƙafa. Ba mu gaya wa kowa ba. Maganar kuma ba ta ɓoyu a loko ba. In na ɗauki kekena zan tafi gida sai wani ya ce, "A ba shi hanya, likita ta ba shi aiki." Ina dariya tare da su, ba don daɗi ba.

A gida ma ba daɗi. Ƙwayoyin suna sa Tabita zafin jiki, gumi ya riƙa karyo mata ko ana ruwa, wani lokaci ta ce tana ganin walƙiya a idonta, ta kasa zura zare a allura. Mace mai haƙuri ta zama abu kaɗan sai faɗa, abu kaɗan sai kuka. Abin da Allah ya yi domin jin daɗin miji da mata ya koma kamar noman gayya da ba ganga. Ina zuwa a gajiye, tana jira a tsorace. Sai ƙarshen wata ya zo, in dawo in ga ta shanya tsummoki a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su gani ba. Ba na tambaya, ba ta faɗa. Talata ta zagayo mu koma Jos, mu bi layi, a ƙara ƙwaya.

Akwai watan da Malam Sule ya kwanta zazzaɓi, dole na tafi Makurdi da kaina. Wani jirgin kaya ya kauce daga dogo a gabanmu, muka maƙale. Ko da na dawo, makon ya wuce. Ta kawo mini ruwan wanka, ta ajiye tuwo, ta zauna a bakin gado.

"Na sha ƙwayar banza ke nan," ta ce.

"Ni na kayar da jirgin?"

"Ban ce kai ba ne, maigida. Amma ni ce ke sha. Ni ce ake buɗewa a gaban ɗalibai ana nuna musu. Kai kwalba ɗaya ka bayar."

Na fita na bar tuwon. Da na dawo na tarar ta rufe shi da kwano, ta sa a kusa da murhu don kada ya huce.

Albashina ya zama na Jos. Muka sayar da rediyo, muka sayar da akuyoyin da take kiwo a ƙauye, Babana ya ba mu daga kuɗin cittarsa ba tare da ya tambayi me za mu yi ba. Kusan shekara muna haka.

Ana cikin wannan sai Oga Taiwo ya kira ni ofis. Ya ce jiragen kwal sun kusa ƙarewa, na dizal ke shigowa, kuma an sa sunana cikin waɗanda za a tura kos na koyon tuƙinsu. Duk direban da bai koyi dizal ba, nan da 'yan shekaru ba shi da jirgi. Amma da sharaɗi: daga yau har a tafi, ba musanya, ba fashi, manya na duba takardar kowa.

Na kai wa Tabita maganar ina jiran faɗa. Ta daɗe tana kallon kekenta, sannan ta ce, "Ka karɓa. In yaron ya zo, me zai ci?"

Ikon Allah, a watan nan ne ruwan sama ya zaizaye dogo ta kudu, jirage suka tsaya, aka bar mu a gari muna zaman jira. Ƙarshen wata ya zo, ban ga tsummoki a bayan ɗaki ba. Wani mako ya wuce. Wata safiya na ji tana amai a bayan gida, ta dawo tana goge baki, muka kalli juna. Muka durƙusa a tsakar ɗaki, na buɗe baki zan yi addu'a, ba abin da ya fito sai "Na gode, na gode." Mama kaɗai muka aika wa, ta zo da kaza a hammata.

Likita ta taɓa gaya mana cewa duk ranar da wata ya ɓace mu zo a Talatar farko. Talatar farko ina Bauchi. Na ce Mama ta raka ta, Mama ta ce cikin da aka yi shekara shida ana nema ba za a ɗora shi a mota a girgiza shi a kan dutsen Jos ba, a bari ya yi ƙwari. Maganar ta yi mana daidai a kunne. Muka ce sai Talata mai zuwa.

A makon nan jini ya fara ɗigowa, kaɗan kaɗan, baƙi-baƙi, ba irin na wata ba. Mama ta ce ciki ne ke gyara zama, ita ma ta yi haka lokacin da take ɗauke da ni. Sai ciwo a mara, ɓangaren dama kaɗai, ya soka ya saki. Na je wurin wani mai ba da magani a unguwa na kwatanta masa, ya ce iska ce, ya ba da wani farin ruwa a kwalba. Talata ta biyu ta zo, sunana na kan allo. Na tsaya a ƙofar Oga Taiwo, na tuna sharaɗin, na juya.

Ranar da zan tafi Makurdi, da safe, ta ce kafaɗarta ke ciwo, kamar ta yini tana daka. Na shafa mata man zafi. Na lura leɓɓanta sun yi fari, in ta miƙe sai ta dafa bango. Na ce zan je in ce ba ni da lafiya.

Ta ce, "Kafaɗa ce fa. Me ya haɗa kafaɗa da ciki? Ka tafi, kada su cire sunanka. Mama na nan."

Na tafi.

Da rana tsaka muka tsaya a Gudi shan ruwa, jirgin kaya nake ja. Ina ƙasa ina zuba wa ƙafafun jirgi mai, sai na hango shugaban tasha yana tahowa, ba tuta a hannunsa. Wani ɗan Tibi ne, mun san juna sama-sama.

"Kai ne Yohanna? An bugo waya daga Kafanchan. Matarka ta faɗi. Tana asibiti, jini suke nema."

"Tana da rai?"

"Abin da aka faɗa mini ke nan."

Muka shiga ofishinsa, ya bugo wa masu ba da hanya. Suka ce ba direban da zai karɓe ni sai Makurdi, kuma ba jirgin da zai yi arewa sai gobe. In kai kayan, in biyo na gobe. Na karɓi wayar da kaina na roƙe su, muryar ta ce ta ji tausayina, amma doka ce. Na fito na tsaya a bakin dogo. Kudu Makurdi, arewa Tabita.

Shugaban tashar ya biyo ni. Ya ce, "In ka bar jirgin nan, dole in rubuta. Ka san abin da ake yi wa direban da ya bar jirgi a hanya."

Na ce, "Rubuta. Amma ka buɗe mini layin gefe tukuna, kada in tare wa kowa hanya."

Ya buɗe. Na shigar da jirgin, muka ɗaure birkin taragu, na bar wa Audu wutar. Da kayan aikina baƙi ƙirin na fita bakin titi. Motar doya ta kai ni Akwanga, na samu wata mai bi ta Gwantu, ita kuma ta yi faci a hanya, na sauka na taya su ɗaga ta da hannuna. Duk tsawon hanyar nan abu ɗaya nake ta maimaitawa: Ubangiji, ka ɗauki cikin, ka bar mini ita. Ban san akwai ranar da bakina zai faɗi haka ba.

Rana na faɗuwa na isa asibitin. Abin da na fara gani a baranda shi ne mutanen loko, jere a kan benci da kayan aiki, kowa ya naɗe hannu da auduga a gwiwar hannunsa, sun ba da jini. Waɗanda ke mini ba'a suna ciki. Malam Sule ne ya kwaso su, Oga Taiwo kuma ya sake su daga aiki. Maƙwabciyarmu Maman Uche ta ba ni labari: Mama ta tafi kasuwa, Tabita ta fito ɗiban ruwa, ta zube a bakin famfo, jikinta sanyi kamar randa. Maman Uche ta tare motar burodi a titi, aka kwantar da ita a kan buhuna. Likitan da ke aiki, wani saurayi, ya soka mata allura a ciki, ya ga jini, ko kati bai jira ba ya ce a shiga tiyata.

Da ya fito ya zaunar da ni. Ya ce cikin bai zauna a mahaifa ba, a bututu ya zauna, ya girma, bututun ya fashe, jini ya cika mata ciki. Ektofik, haka ya kira shi, kalmar ba ta bar kunnena ba har yau. Ya ce ciwon kafaɗar ma jinin ne, tun da safe yake zuba. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da gawa zan tarar.

"Na cire bututun," ya ce.

"Wanne, likita?"

"Na dama."

Shi bai san abin da ya faɗa mini ba. Ni na sani.

Makon farko Tabita ba ta san wanda ke kanta ba sosai. Ƙarin jini, ƙarin ruwa, an hana ta ko kurɓa, sai dai a jiƙa auduga a goga mata a leɓe. Ba a barin namiji a ɗakin mata sai lokacin ziyara, don haka a gindin mangwaro nake yini, in an buga ƙararrawa in shiga. Mama ce ke kwana a tabarma a ƙarƙashin gadon. Ita ke kai tasar fitsari, ita ke juya ta, ita ke wanke zannuwa. Wata rana na same ta a bakin famfo tana wanki tana magana ita kaɗai da yarenmu, tana cewa ita ta hana a hau mota. Na karɓi zanen na ce ta je ta huta, ta ƙi saki.

A mako na biyu ɗinkin ya yi ruwa. Zazzaɓi ya dawo, ƙyallen da aka rufe ciwon da shi ya riƙa jiƙewa da mugunya, wari har gadon kusa. Ma'aikatan sun yi kaɗan, nas ɗaya ga ɗaki guda, in ka kira ta sai ta ce tana zuwa, kuma ba ƙarya take ba, wani gadon ne ya riƙe ta. Allurar da likita ya rubuta babu ita a asibitin, sai na bi kemis-kemis a gari, daga ƙarshe wani gadin jirgi ya sayo mana daga Kaduna. Aka warware rabin ɗinkin, aka bar wurin a buɗe ana wankewa kullum. In ana wankewa takan cusa bakin zane a baki. Ni ina waje ina jin gadon na ƙara.

Ranar da zazzaɓin ya sauka ta sha kunu, ta ci gwaten acca cokali kaɗan. Ta sa Mama ta fita, ta kira ni kusa.

"Na san cikin ya tafi. Wanne suka cire?"

Na yi niyyar in ce ban sani ba. Ta riƙe mini hannu tana kallona.

Na ce, "Na dama."

Ta saki hannun, ta juya fuska bango duk da ciwon ɗinki. Kwanaki ta yi ba ta ce wa kowa komai ba. Matan zumunta suka zo suka yi waƙa, fasto ya zo, ya fara addu'a yana ambaton matan Littafi da Allah ya buɗe wa mahaifa a tsufansu. A tsakiyar addu'ar ta ce, a hankali, "Baba Fasto, ka roƙa mini barci kawai." Sai ya roƙa mata barci.

Bayan an sallame mu, damina ta kira Mama gona, jinya ta dawo hannuna. Lokaci kam ina da shi, domin an dakatar da ni daga aiki, rabin albashi ake ba ni. Ni ke dafa ruwa in yi mata wanka a zaune a kan kujera, in wanke ciwon da ruwan gishiri yadda nas ta koya mini, in kai zannuwanta famfo in tsuguna a cikin mata. Da farko suna kallona, daga baya suka riƙa matsa mini wuri. Da ta ɗan yi ƙarfi muka je Jos sau ɗaya. Likitar ta karanta takardar tiyatar, ta cire tabarau, ta ce ba za ta yaudare mu ba, ba sauran ƙwayar da za ta ba mu. Ta tambaya me ya hana mu zuwa Talatar farko. Na karɓi takardar, muka fito.

Sai ranar shari'ata ta zo. Manya uku suka zo daga hedikwata, aka zauna a ofishin loko. Kowa ya gaya mini in shirya kora, har da barin ɗakin kwatas. Ina sa takalmi da safe sai na ga Tabita ta ɗaura zanen cocinta. Na ce ina za ta, ta ce inda za ni. Na ɗora ta a keke na tura, domin ba ta iya doguwar tafiya ba tukuna.

Aka karanta laifina. Ban musa ba. Babbansu ya ce kowane ma'aikaci yana da mara lafiya a gida, in kowa zai bar jirgi a daji saboda an bugo waya, to dogo ya mutu. Gaskiya ya faɗa. Sai na ji an turo ƙofa. Masinja na cewa ba a shiga, ta riga ta shigo tana dafa bango. Ta gaishe su da ladabi. Sannan ta ɗan sassauta zanenta, ta ɗaga rigar zuwa cibiya. Ciwon bai gama rufewa ba, ja, daga cibiya har ƙasa.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, ga abin da ya bar jirginku dominsa. Da safen nan ya so ya zauna, ni na ce ya tafi, don kada ku cire sunansa. Ya tafi. In akwai sauran abin da za mu ba ku, ku faɗa."

Babban ya kawar da kai ya dubi taga. Oga Taiwo ya tashi ya ba ta kujerarsa. Daga baya shi Oga Taiwon ya ce a rubuta cewa direban ya sa jirgin a layin gefe, ya ɗaure birki, ko buhu ɗaya bai ɓace ba.

Ba a kore ni ba. An cire sunana daga dizal, an rage mini matsayi, an mayar da ni jan taragu a cikin yadi, wato filin tashar, daga wannan layi zuwa wancan. Ban ƙara fita Kafanchan da jirgi ba.

Ga abin da ya sa na rubuta. In matarka ta ɓatar da wata, sai jini baƙi-baƙi ya riƙa ɗigowa, ga ciwo a ɓangare ɗaya na mara, kada ka jira ranar likitanku, kada ka jira allo, kada ka tambayi mai kemis. In ta ce kafaɗa, ko ka ga leɓɓanta sun yi fari tana jiri, ɗauke ta a lokacin, asibitin da ya fi kusa. Zazzaɓin bayan ɓari ma ba na kemis ba ne. Mu ba wanda ya gaya mana ko ɗaya daga cikin waɗannan, har likitar da muka yi shekara muna zuwa wurinta ba ta ce mana ga abin tsoro ba, ta dai ce mu zo. Wannan ƙorafina ne, kuma ina da irinsa a kan aikin da zai ɗauki ƙuruciyar mutum duka ya kasa ba shi mako guda. Amma Maman Uche, da direban motar burodin da ban san sunansa ba, da saurayin likitan nan, da Malam Sule da mutanen loko da jininsu ke jikin matata, Allah ya sāka musu. Ni ba ni da abin biyansu.

Yanzu shekara ta zagayo. Tabita ta koma kan keke, tana yi tana hutawa, in hadari ya haɗu tabon yakan ja ta. Kullum a gida nake kwana. Da rana takan tsallako dogo ta kawo mini abinci a yadi, mu zauna a inuwar wani tsohon tarago. Kwanan baya muna zaune sai jirgin fasinja ya shigo, sabon dizal, fes da shi. Audu ne a kujerar direba. Ya hango mu, ya danna mana oda, na ɗaga masa hannu. Tabita ta bi jirgin da kallo har ya tsaya, sannan ta dube ni.

"Maigida, kana jin haushi?"

Na ce, "Ina ji."

Ta ce, "Ni ma."

Ta buɗe kwanon, ta turo mini ɓangaren da naman yake. Muka sunkuyar da kai na yi addu'a, muka ci.